Agogon Mai Duba Aiki

A masana'antar ɗinka buhuna, manaja ne kaɗai ke kiransa mai duba aiki. Matan da ke kan kekuna Mai Agogo suke ce masa, a bayan idonsa kuma suna da wasu sunayen da ba su faɗuwa. Agogon nasa na hannu ne, irin wanda ake wanawa kowace safiya, da maɓalli biyu a gefe da wani siririn jan hannu na awo. Ka danna ya tashi da gudu, ka sake dannawa ya tsaya, wani ɗan ƙaramin hannu a ƙasa yana ƙirga masa mintoci. Da shi yake auna lokacin da kowace mace ke ɗauka kafin ta gama damin buhu.

Sai dai shi ba ya dannawa. Tun farkon aikinsa ya lura kunnen matan nan na kan maɓallin, da sun ji ƙas sai ƙafa ta hau gudu, da ya ba da baya su koma hira. Sai ya tayar da hannun awo ya bar shi yana ta zagaye, dare da rana, shekara da shekaru. Ya tsaya bayan mace kamar mai duba rufi, ya saci kallon agogo, ya lissafa a ka. Yana ji da wannan wayon nasa ƙwarai.

Da kasuwa ta ja baya, manaja ya ce ƙarshen mako za a sallami wadda ta fi kowa nawa, kuma daga bakin mai duba aiki yake son jin ko wace ce. Ba yau aka fara ba, an sallami wasu a baya bai rasa barci ba. Amma wannan karon duk yadda ya auna, wuri ɗaya agogo ke nunawa: keken ƙarshe kusa da taga, inda yayarsa ke zama. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta roƙa masa aikin nan, kuma da keken nan take riƙe 'ya'yanta tun da mijinta ya rasu. Tsoro ya kama shi sosai, abinci ma ya daina shigarsa.

Ana cikin haka agogon ya fara mutuwa kafin la'asar, ko da ya wana shi har ƙarshe. Ya kai shi wurin wani tsoho mai gyara da ke zaune a ƙarƙashin matakalar wani bene, a wani lungu mai warin mai da ƙarfe. Tsohon ya buɗe bayan agogon, ya maƙala gilashi a ido, ya leƙa ciki.

"Wa ya ce ka bar hannun nan yana gudu haka?"

"Ba wanda ya ce in tsayar, Baba."

"An yi shi ne ya yi aiki ya huta. Matso ka gani."

Ya nuna masa da bakin matsefata. Wata 'yar ƙafa mai haƙora, haƙoran sun cinye sun kwanta. Mai ya bushe, garin ƙarfe ya cakuɗe da shi ya zama baƙin dauɗa, duk abin da ke juyawa a ciki sai ya ja da ƙyar, shi ya sa ƙarfin agogon ke ƙarewa da wuri. Sannan ya taɓa wani ɗan yatsan ƙarfe.

"Wannan shi ke tura mai ƙirga minti. Ya lalace. Maimakon ɗaya, wani sa'in biyu yake tsallakewa."

"Wato yana ƙara wa mutum lokaci?"

"Wani sa'in ya ƙara, wani sa'in ya faɗi gaskiya. Tun yaushe, wannan kuma ban sani ba."

Murna ta cika mai duba aiki, murna marar kunya. Matan da aka sallama a baya sun faɗo masa a rai, har da wata mai goyo da ta tsaya tana ba shi haƙuri a bakin ƙofa, amma ya kawar da su gefe. Shi dai agogo ya yi wa Yaya ƙarya, wannan ya ishe shi.

Ran ƙarshen mako da safe ya karɓo shi a gyare. Tsohon ya ja masa kunne: ka danna, ka tsayar, ka mayar da shi mazauninsa. Ya bi layi yana auna kowa, ya bar keken taga a ƙarshe. Da ya danna, bayan Yaya ya sandare, amma ba ta waiwayo ba. A ranar ya fara kallon hannunta maimakon agogo. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura, buhu na zame mata, sai ta kai fuska dab da allura kafin ta ga layin ɗinki. Iya ƙarfinta take yi, gumi na bin wuyanta. Ya auna, ya sake aunawa. Ba wadda ta kai ko kusa da ita a nawa.

Ya yi tunanin faɗin sunan wata daban. Amma manaja kan ƙirga dami da kansa in ya yi shakka, in kuwa aka kama shi, gida biyu ne za su kwana ba mai aiki.

"Auta, an gyara ke nan?" ta ce, ƙafarta na kan keke.

"An gyara, Yaya."

"To madalla. Ka rame fa. Ka riƙa cin abinci."

A ofis manaja bai ɗago kai ba. "Wace ce?"

"Ta keken ƙarshe."

"Ni ban san keke ba. Suna za ka ba ni."

Tun da ya fara magana a duniya bai taɓa kama sunanta ba, Yaya ya sani. Ya faɗa, ƙasa-ƙasa, ƙarar kekuna na shigowa ta ƙofa.

"Ɗaga murya," in ji manaja. "Ban ji ba."