Layi Ɗaya a Kan Kwalta

Maigidana makanike ne, shekara talatin yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane, kuma ba abin da ya tsana kamar wasan zamiya, inda direba ke sa bayan mota ya sulale ta sha kwana a karkace. Sai ga Autarmu ta taso da wannan ciwon. Aka yi rigima har aka gaji, suka yi yarjejeniya: gwaji uku ake yi kafin shiga gasa, in ta faɗi duka ta ajiye makulli har abada.

Ta faɗi biyu. Tana shiga kwana sai motar ta miƙe mata, hayaƙi kawai. Ta dawo gida ta ce, "Mama, hannuna ne bai iya ba." Ni kuwa, gaskiya, na ji sanyi a raina.

Washegari maigidan ya ce in raka shi filin gwajin. Ya tsuguna yana duba sawun taya kamar mai neman allura.

"Layi ɗaya," in ji shi. "Da biyu ya kamata."

Na ce, "To sai me? Ka yi shiru mana, jibi magana ta ƙare."

Da muka koma gareji ya kira Auta, ya ɗaga bayan motar da jak, ya murza taya ɗaya gaba. Ɗayar ta juya baya.

"Kin gani? Dif ɗinki buɗaɗɗe ne. Shi ne akwatin haƙoran da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya. Irin wannan rago ne, tayar da ba ta da riƙo yake tura wa ƙarfi duka. Wasu kan yi masa walda, tayoyin su juya tare, amma ranar ruwa mota ta kai mutum rami. Akwai na tsakiya, mai sakewa a tafiyar lafiya, ya kulle in an taka totur. Shi zan sa miki."

Auta ta ce, "Baba, ai ba ka so in ci."

"Har yanzu ba na so. Amma ba zan bar ki ki tsufa kina zagin hannunki kan laifin ƙarfe ba."

Mutumin nan ya ba ni haushi, ya kuma burge ni. Yini guda ya yi a ƙarƙashin motar, yana mita yana ɗaure notoci.

Ranar gwaji na uku, Auta na tayar da inji maigidan ya juya wa filin baya. Na ga motar ta shiga kwanar a karkace ta riƙe har ƙarshe, jama'a na ihu. Na ja hannun rigarsa na ce ya juyo ya ga 'yarsa.

"Ba zan iya kallo ba," ya ce. "Amma ina ji. Duka tayoyin biyu ke kuka."