Gonar Wendell da Hedimasta a Cikinta

Malama Loretta Vavra ta shekara ashirin da biyu tana koyar da 'yan aji huɗu a wani ƙaramin gari a jihar Nebraska ta Amurka, kuma kowace shekara lissafin fili ne ke kayar mata da yara. Ta tambayi tsawon kewaye, su ba ta girman ciki. Bana sai ta haɗa musu da tarihi. Ta ba su labarin yadda kakannin kakanninsu suka iso da keken shanu, kowa ya kafa turaku a daji ya ce nan ne gonarsa, duk abin da ya tarar a ciki, itace ko rafi, ya zama nasa. Sannan ta kwashe su zuwa filin wasa, ta miƙa wa kowa igiya mai tsawon ƙafa arba'in da turaku huɗu.

Wendell Pokorny, sarkin gardamar ajin, ya ja tasa ƙafa sha tara a tsawo, ƙafa ɗaya a faɗi. Bai ankara ba ashe ya kewaye hedimasta, Mista Hruska, wanda ya fito kallo yana cin burodinsa.

"Yallaɓai, kana cikin gonata."

"To bari in fita."

"Ina! Malama ta ce abin da mutum ya tarar nasa ne."

Malama Loretta ta gane ta ɗebo ruwan dafa kanta, don hedimastan nan shi ya kafa dokar cewa ba a ƙaryata malami gaban yara. Ya dube ta, ta sunkuyar da kai. Sai ya haɗe ƙafafu ya tsaya ƙiƙam.

Can sakatariya ta fito, ta ce ga takardu suna jiran sa hannu. Aka kawo masa kujera, kujerar ta ƙi shiga gonar.

"Wendell, ka sake shi mana, don Allah," in ji Malama.

"Sai dai in gyara masa wuri."

Ya tumɓuke turaku, ya yi sha bakwai da uku. Kujera ta shiga. Aka kawo tebur, ya koma sha biyar da biyar. Da akwatin takardu ya iso, ya yi goma ta kowane gefe. Sai ya tsaya yana ƙirga da yatsu, ya buga ihu:

"Malama! Igiyar ba ta ƙaru ba, amma gonar ta tashi daga sha tara zuwa ɗari!"

Malama ta juya baya ta share hawayen farin ciki. Yaran suka ruga suna tumɓuke turakunsu, har da masu leƙen ofis ko za su samu wani malamin da ba shi da mai shi.

Da aka tashi, kakar Wendell ta zo ɗaukarsa da motar gona. Ya ce da hedimastansa zai tafi. Tsohuwar ta sauko, ta kewaya Mista Hruska tana dubansa sama da ƙasa.

"Ɗana, ka iya tatsar saniya?"

"A'a, Mama."

"Gyaran shinge fa?"

"Ban taɓa ba."

"Kai Wendell, bar musu abinsu. Abinci kawai zai cinye mana."

Suka tafi. Mista Hruska ya tsallake igiya, ya ɗauki kujerarsa da kansa. Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai. Sati guda bai gaisa da kowa da fara'a ba, kuma ranar Asabar aka hango shi a garken maƙwabcinsa riƙe da bokiti, saniya tana ta kai masa shuri.