Gangar da Ba Ta Yi Shiru Ba

Mijina Alwyn da ganga ya fara rayuwa, da ganga kuma yake ƙarasa ta, sai dai ba iri ɗaya ba ce. Ta farko ta kiɗa ce. Shekara goma sha tara yana jibgarta a mashaya da ɗakunan rawa daga Adelaide har Broken Hill, ni kuwa ina nan Barossa da goyo ina jiran wasiƙa. Da mahaifinsa ya rasu ya bar masa gonar inabi, sai ya ajiye sanduna ya koma wa gangar katako, wadda ake tsima giya a ciki. Daga baya ya rubuta littafi a kan duka biyun, aka sa hotonsa a bango ya manna kunne jikin ganga kamar mai laɓe.

Kunnen nan shi ne abin taƙamarsa. Giyar inabi in ta shiga ganga takan sake wani ɗan tsima a hankali. In ka cire toshiya ka kara kunne a bakin ramin za ka ji tana ƙas-ƙas kamar ƙwai a kasko, kuma sai ta yi tsit ake zuba ta a kwalba. Maƙwabta tuni suka koma aikawa da ɗan samfuri gari a gwada musu. Alwyn kam ya rubuta a littafinsa, kowa ya karanta, cewa ranar da na'ura ta yi masa sauraro a haƙa masa kabari.

Abin da bai sani ba, kunnen ya daɗe da tafiya. Gangar farko ce ta cinye shi. Ni na sani, ni ce kuma na ɓoye masa. Shekara shida ina ƙara murya kaɗan-kaɗan, ina ƙara wa rediyo sauti kafin ya shigo shan shayi, ina amsa wa baƙi tambayar da bai ji ba.

"Mama, ki gaya masa mana," in ji 'yarmu Narelle duk ran da ta zo daga birni. "Har yaushe za ki yi ta zame masa kunne?"

"Ke ki gaya masa, tunda bakinki ya fi nawa kaifi."

Ba ta faɗa ba, ni ma haka.

Fari na shekara uku ya kashe tsofaffin itatuwan inabin da kakansa ya dasa. Girbin Maris na ƙarshe ganga huɗu kawai ya ba da, da sanyi ya shigo aka kawo katafila ta tumɓuke itatuwan, Alwyn yana tsaye hula a hannu. Gangunan nan huɗu su ne duk abin da ya rage na gonar shekara ɗari da ashirin.

Wata safiya a Nuwamba ya kira ni rumfar giya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa da ƙyar, ya kara kunne, ya rufe ido.

"Sun kwanta, Glenys!" Da ƙarfi yake magana yanzu, bai kuma sani ba. "Zo ki ji, 'yar tsohuwa, ko da yake kunnenki na tsegumi ne kawai."

"Tsohon banza, da tsegumin na riƙe ka shekara arba'in."

Na sunkuya na kara kunne a ta farko. Tana ta ƙas-ƙas, ko yaron goye zai ji. Ta biyu ma haka. Na ɗago na dube shi. Rabon da in ga wannan fara'a a fuskarsa tun kafin zuwan katafila.

"Yaya?" ya ce.

"Shiru," na ce.

Na yaudari kaina cewa ɗan saura ne, zai ƙare kafin ranar zubawa. A hanyar gida har na ce, "Ko mu aika a gwada, don dai hankali ya kwanta?" Amma a hankali na faɗa, da muryar da na san ba za ta kai masa ba. Wannan ne ba zan yafe wa kaina ba.

Kafin Kirsimeti muka zuba su, ba tacewa ba maganin tsayar da tsima, yadda kakansa yake yi. Kwalba dubu da ɗoriya, muka jera su kwance a rumfa.

Sai zafin Janairu ya sauko, don a ƙasarmu lokacin ne tsakiyar bazara. Ranar Talata bayan abincin rana muna zaune a baranda, shi yana rubuta sunan kakansa da hannu a takardun da za a manna wa kwalaben, ya ba rumfar baya. Na ji fat! Karenmu ya miƙe ya shige ƙarƙashin tebur. Na ji wata, sai wata, sai tas, kwalba ta fashe. Giyar ba ta gama tsima ba, tana ƙarasawa a cikin kwalba, tana tunkuɗe toshiya. Wadda ba ta fashe ba ma ta tashi daga aiki, ba mai sa ta a baki.

Daga inda nake ina hangen jan ruwa yana fitowa ta ƙasan ƙofar rumfa, yana bin kwatami zuwa filin da babu itace ko ɗaya. Ba giyar ce ta dame ni ba kamar shi. Da zarar ya juya zai gani, kuma Alwyn ba wawa ba ne: zai gane kunnensa ya tafi, sannan zai tuna wadda ta sunkuya ta ce masa shiru.

Ya busa wa tawada iska ta bushe, ya ɗaga takardar yana dubawa.

"Me ya sami karen nan?" ya ce. Bai jira amsa ba, ya jingina da kujera ya lumshe ido. "Kai, Glenys, kin ji yadda gari ya yi tsit yau? Irin ranar da giya ke so ke nan."

Wata ta sake fashewa a bayansa. Na ɗaga murya daidai yadda na saba.

"Na ji," na ce. "In ƙaro maka shayi?"