Fuskar da Matan Ghent Suka Cinye

Shekara da shekaru ina ɗinke littattafan addu'a a birnin Bruges, amma ban taɓa karanta ko ɗaya har ƙarshe ba. Hotunan kawai nake kallo. Latin ɗina bai wuce in ce amin a inda ya dace ba, wani lokacin ma a inda bai dace ba. Don haka kada kowa ya nemi wa'azi a labarin maƙwabcina Godevaert mai zane. Labarin hoto ne.

Godevaert ya iya zinariya. Idan ya shimfiɗa ganyenta a bayan waliyyi ya goge da haƙorin kare, sai mutum ya hango hancinsa a ciki. Ya iya shuɗin rigar Budurwa Maryamu, ya iya ninkin mayafi, har jaki ya iya, da idon nan nasa na wanda ya gaji da hanyar Masar. Abu guda Ubangiji ya hana shi, fuskar mace. Duk macen da ta fito daga hannunsa, Maryamu ce, Katarina ce, ko Hauwa'u a gindin itace, fuskarsu ɗaya: fara, doguwa, sumul kamar ƙwai, goshi har tsakar ka, da ɗan baki kamar an ɗiga jan ruwa. Masu saye ba su taɓa ƙorafi ba, don haka ake son waliyyai. Mai ƙorafi ɗaya ce, matarsa Zwane, wadda ke ƙawata gefen shafi bayan ya gama hotonsa. Ita ke da furannin wake, da ƙudaje, da katantanwa masu hawa kara.

Takan leƙo ta kafaɗarsa da safe ta ce, "Sarkin ƙwai, yau nawa ka saka?"

"Ki ji da katantanwarki."

"Katantanwata kowacce da fuskarta. Dubi wannan, fushi take yi. Waccan kuwa surukarta ce ta zo kwana."

"Ba a biyan mutum don ya zana fushi a littafin addu'a."

"Shi ya sa Allah ya rufa maka asiri."

Ita Zwane ba ta haɗa komai da ƙwai ba. Fuskarta mai faɗi ce, hancinta ya ɗan karkace tun ranar da ta zame a kan ƙanƙara tana yarinya, ga wani ɗan baƙin tabo a ƙarƙashin ido. Allah bai ba su haihuwa ba. Sun yi maganar a shekarun farko, suka kai kyandir coci-coci, daga baya suka bar ta, sai zolaya ta cike gurbin.

Wata shekara wani falken tufafi na birnin Ghent ya ba da aikin littafi don amaryarsa, Aleid. Ya ce lallai a sa hoton Waliyyiya Margriet, wadda dodo ya haɗiye ta, ta fito daga cikinsa ko ƙwarzane babu, wadda mata ke kira idan naƙuda ta kama.

Zwane ta ce, "To, wani ƙwan zai fashe daga cikin dodo."

Ran nan maganar ta shige shi. Ya jawo kujera bakin taga ya ce ta zauna.

"In yi me?"

"Ki zauna ki rufe baki, idan hakan zai yiwu."

Kwanaki ya yi yana kallonta. Rabonsa da ya dube ta haka tun suna saurayi da budurwa, lokacin ma rabin kallon a ƙasa yake yi. Ya ga yadda gira ɗaya ta fi ɗaya tashi, ya ga furfura ta fara leƙowa ta gefen kallabi. Ita kuwa ta yi ta mutsu-mutsu, tana cewa miya za ta ƙone, ƙafarta ta mutu, kallon ya yi yawa ga mutumin da bai sha giya ba. Da ya gama, ya miƙa mata fatar da ya yi zanen a kai, ya naɗe hannu yana jiran baƙar magana.

Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ni ce."

"Da gaske?"

"Ni ce mana, ga tabon ma. Ashe ka iya, lalaci ne ke damunka."

Ta juya wajen taga tana goge ido da bayan hannu, ta ce hayaƙin murhu ne. Shi dai bai ga hayaƙi ba. Da hannunta ta ƙawata gefen shafin, furen wake ya zagaye shi, katantanwa ɗaya tana hawa ta kusurwar ƙasa. Aka ɗinke littafi, aka sa masa maɗaurin azurfa, ya tafi Ghent.

A sanyin shekara ta biyu bayan haka tari ya kama Zwane. Kafin ƙanƙara ta narke an kai ta makwanci.

Godevaert bai yi abin da zai ja ido ba. Ya ci gaba da aiki, ya riƙa ba wasu matan unguwa gefen shafi, ya riƙa ce musu ya yi kyau. Muryarta ba ta bar shi ba. Duk ƙwan da ya saka sai ya ji ta tana tambayar na nawa ke nan. Hakan ya ishe shi zaman duniya har shekaru suka tura, gemunsa ya yi fari.

Wata safiya yana niƙa shuɗi a kan dutse, sai tabon fuskar Zwane ya faɗo masa a rai. Ƙarƙashin idon dama ne, ko na hagu? Ya tsaya da niƙa. Ya rufe ido don ya kira fuskar, abin da bai taɓa jin buƙatar yi ba, don a zatonsa tana nan ajiye. Kallabi ya zo, wuya ya zo, hannuwa masu tabon tawada suka zo. Tsakiyar kuwa fari fat, kamar fatar da ba a taɓa ba.

Ya je wajen ƙanwar Zwane. Ta ce dama ne, sai kuma ta ce ko kuwa hagu, ta kama kuka, shi ya koma mai lallashi. Mai burodin kan kwana ya rantse a haɓa yake. Godevaert ya dawo shago ya cika guntayen fata da gwaji, yana roƙon hannunsa ya tuna abin da kansa ya manta. Ƙwai suka yi ta zubowa, wasu da tabo a dama, wasu a hagu, duk suna kallonsa da haƙurin waliyyai.

Fuskar Zwane ta rage a wuri ɗaya tak a duniya, a littafin matar falken Ghent. Ya rufe shago, ya zuba 'yan kayan aikinsa a jaka don ya kwafo ta, ya sami wuri a keken doki mai kai gangunan kifin gishiri. Ya isa Ghent kyanwoyi na binsa.

Uwargida Aleid ta zama mace mai jiki, makullai a ɗamara, yara na gilmawa ta kowace ƙofa. Da ta ji wanda ya zo, ta sa aka shigo da shi ɗakin gaba duk da warin.

"Kai ne ka yi mini littafina? Zauna, Baba. A kawo masa giya da cuku. Ka ga waɗannan?" Ta nuna yaran. "Da Allah, da littafinka."

Ya ce, "Shafi ɗaya nake so in gani, uwargida. Na Margriet."

"Ai ba sai an nema ba."

Ta kwanto littafin daga cikin ƙyallen da ke naɗe da shi, ta ɗora a tafin hannu. Da kansa ya buɗe a wurin, kamar ƙofar da ta saba.

Dodon yana nan, kore shar, da gefen riga a bakinsa. Zinariyar tana nan. Hannuwan waliyyiya a haɗe, rigarta ja. A inda fuska take, sai wani tabo mai santsi, ruwan ƙasa, mai ɗan maiƙo, fata tsirara.

Godevaert ya matso da littafin kusa da idonsa, ya nisanta shi, ya karkata shi ga haske. Ko layin haɓa bai rage ba.

"Ruwa ne ya zuba?" ya tambaye ta.

Aleid ta yi dariya. "Wane ruwa? Sumba ce, Baba. Haihuwata ta fari na kwana biyu a kan gwiwa, ungozoma ta buɗe mini nan ta ce in sumbace ta, ta ɗora mini shi a kan cikina. Kafin a buga ƙararrawar rana yarinya ta faɗo. Tun daga nan labari ya bazu. 'Yan'uwana mata, matar mai rini, matar mahauci, har wata da ba ma ga-maciji da ita, duk wadda ciwo ya kama sai ka ga an aiko aro. Kuma ka ji in gaya maka, ba mu rasa uwa ko ɗaya ba a titin nan."

Ya gyaɗa kai. Zwane da ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, ashe babu ɗakin haihuwar da ba ta shiga ba a titin nan, kuma kowacce ta gutsuri kaɗan ta tafi da shi. Da tana nan da ta sami abin cewa. Ya saurara ko muryar za ta faɗa. Ba ta ce komai ba.

"Allah ne ma ya kawo ka," in ji Aleid. "Mata sun fara cewa ba su san inda za su sa baki ba. Wata har dodon ta sumbata. Ka mayar mana da fuskar."

Ya so ya ce a'a. Sai kuma ya yi tunanin ko a kan wannan fata, a cikin wannan zagaye na furen wake, hannun zai tuna. Aka ba shi tebur a bakin taga. Ya kankare maiƙon a hankali, ya kaɗa farin ƙwai, ya haɗa launi, ya lashi bakin buroshi. Ya fara da goshi, yana ce wa kansa mai faɗi ne, mai faɗi. Ya zo hanci, yana ce wa kansa a karkace yake. Hannun ya saurare shi cikin ladabi, ya yi abin da ya saba.

Da la'asar Aleid ta leƙo ta kafaɗarsa, ta tafa hannu.

"Sak. Wallahi kamar ranar da aka kawo mini shi."

"A'a, uwargida. Ba haka take ba."

"Ni da na yi shekaru ina kallonta?"

"Waccan fuskar matata ce. Ta rasu."

Aleid ta sauke hannuwanta. Ta dubi shafin, ta dube shi, ta rasa inda za ta sa idonta. "Allah ya ji ƙanta. Da na sani, Baba..." Ba ta ƙarasa ba, don ta san ko da ta sani ba abin da zai canja, mai naƙuda ba ta tambayar fuskar wa ce. Can ta ce, "Akwai dai wani ɗan ɗigo baƙi da ba ka sa ba. Na ɗauka kashin ƙuda ne. Tun ina amarya na kankare shi da farce."

Ya miƙe har kujera ta faɗi. "Ta wane gefe?"

Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin idonta na dama. Ta ɗage shi. Ta mayar da shi na hagu.

"Nan ne. Ko kuwa... ka san in kana kallon mutum, damansa hagunka ne."

Ya ɗaga kujerar ya zauna. Bai sa ɗigon ba. Yayin da launi ke bushewa, idonsa ya sauka kusurwar ƙasa. Katantanwar tana nan yadda aka bar ta, ƙahonninta a miƙe, ba ta rasa ko ƙwayar launi ba, don ba mai sumbatar katantanwa. Fushi take yi. Ya daɗe yana kallonta, har Aleid ta kori yaran daga ɗakin ta ja ƙofa.

Ya dawo Bruges da dunƙulen cuku a jaka. Bai sake gwada fuskar ba. Amma labarin bai bar bakinsa ba har ya mutu. Yakan zauna a shagona ina ɗinki, ya ce sau ɗaya a rayuwarsa ya zana mace ta gaskiya, da hancinta da girarta, har mai ita ta shaida, matan Ghent suka cinye ta da leɓe. In na tuna masa Aleid ta ce sabuwar fuskar sak take da ta farko, sai ya kaɗa hannu. "Rabu da ita, maƙwabci. Mai sumba ido rufe take yi. Zwane fa ta ce ita ce. Ka taɓa jin Zwane ta raga mini?"

Nakan ce ban taɓa ji ba, in ci gaba da jan zare.

Shafin ya bi ta hannuna ranar da na ɗinke littafin, kuma na ce hotuna nake kallo. Ƙwai ne, da ɗigo a ƙarƙashin ido.