Koriyar Leda a Kan Na'urar Gwaji

Duk birnin Hsinchu na Taiwan babu injiniyan da bai san dokar ba: in kana son na'ura ta yi maka biyayya, ka ɗora mata koriyar ledar gugguru mai ɗanɗanon kwakwa. Ba a buɗewa, ba a ci, ba a barin wa'adinta ya wuce. Tsao Pei-ling kaɗai ke kiran abin shirme, a bainar jama'a kuwa, don ita a waje ta yi digirinta na uku.

Ita ce shugabar ayarin da ya ƙera wa wani kamfanin Amurka ƙwaƙwalwar manyan kwamfutocinsa na adana bayanai, daidai da buƙatarsa. Wani kamfani da ke tsallaken titi ma ya ƙera tasa. Ɗaya za a zaɓa, kuma an riga an gaya mata in ba tasu ba ce, ayarin ya watse, kowa ya kama gabansa.

Ranar gwaji wakilin Amurkawan, Mista Hollis, ya iso kai tsaye daga tsallaken, fuska a murtuke, ciki na ƙugi. Aka kunna na'ura, lambobi suka fara hawa yadda ake so. Idonsa na kan allo ya miƙa hannu, ya ɗauki ledar da aka ɗora a kan na'urar, ya farke.

Ya hau tauna. Tsoho Kung, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ya dafa bango.

"Shugaba," ya ce ƙasa-ƙasa, "ya gama da mu."

Pei-ling ta yi murmushi ta tura wa baƙon shayi. Ya cinye guggurun tas, ya lashe yatsu, ya ce su dai mutanen kirki ne. A tsallake da ya taɓa irinta, rubdugu aka yi masa aka fizge. Shi kuwa ba ya son doguwar hulɗa da marowata.

Gwaji bai ƙare ba. Na'ura na gudu babu leda a kanta, kowa ya zuba mata ido kamar madara a wuta. Pei-ling ta zuge jakarta a hankali, ta zaro koriyar leda sabuwa fil ta ɗora. Wata ledar ta faɗo ƙasa daga jakar, wata ta biyo ta.

Kung ya duƙa ya tsince, ya duba wa'adin kowacce.

"Duk na bana ne, Shugaba."

"Rufe min baki, ka shiga tsakanin baƙon nan da ledar," ta ce. "Bai ƙoshi ba."