Turmin Bayan Ofishin Wuta

Malam Jafaru mai walda ya buga teburin Naila har sai da biro ya faɗi ƙasa. Tun safe yake bin layi a ofishin wutar lantarki na Sabon Gari, kan taransifomar unguwarsu da ta ƙone, ga ƙofofin mutane jibge a shagonsa ba wutar haɗa su. Naila ta ce masa an tura ƙorafin sama. Ai kuwa kamar ta zuba masa fetur. Ya ce dukkansu azzalumai ne, ya ce an ɗauko yarinya an ɗora a kujera ba abin da ta iya sai latsa waya, ya rufe da Allah ya isa.

Naila ta miƙe. Kunnuwanta sun ɗau zafi, amsa ta riga ta iso bakinta, kuma amsa ce mai kyau, irin wadda mutum zai kwana yana jin ta. Matsalar ita ce manaja Muntasir yana tsaye a ƙofarsa. Makon jiya ya gaya mata ba da wasa ba, in ta sake cacar baki da mai ƙorafi, ta ajiye katin aiki ta kama hanyar gida. Gidan kuwa, can Samaru, ita ke riƙe da shi, ga Goggo mai ciwon ƙafa, ga ƙanne 'yan makaranta.

Sai ta ji an kama wuyan hannunta. Anti Dinatu ce ta teburin kusa. Baiwar Allahn nan a kujerar ƙorafi ta yi furfura. An zage ta da Hausa, an zage ta da Yarbanci, an zage ta da Turancin buroka, ba wanda ya taɓa jin muryarta ta tashi. Naila tana sha'awarta ƙwarai, wani lokaci kuma har haushi take ba ta, don a ganinta haka nan aka halicce ta, abu ba ya damunta.

Dinatu ta ba Malam Jafaru haƙuri, ta ce lokacin hutu ya yi, ya dawo bayan azahar za a kira injiniya a gabansa. Sannan ta ja Naila suka fita ta ƙofar baya.

Lungu ɗaya suka bi, suka ɓulla bayan rumfar Madam Lovelyn mai sakwara. Ga turmi, ga dafaffiyar doya tana tururi. Lovelyn ta gan su ta yi dariya, ta ce yau har da sabuwar ma'aikaciya aka kawo mata. Dinatu ta nufi turmin. Ta cire agogo, ta wanke hannu, ta ɗauki taɓarya.

Wallahi Naila ba ta taɓa ganin wannan fuskar ba. Matar da ke murmushi tun safe ta cije leɓe, jijiyar wuya ta fito, tana kirɓa doyar nan kamar ita ta yi mata laifi. Sai da numfashinta ya soma sarƙewa ta tsaya.

"Kin ɗauka ba na jin zafi, ko?" in ji ta. "Ina ji, 'yata. Har jinina ya taɓa hawa aka kwantar da ni. In na sauke a kan mutanen nan, su ma wahala ce ta koro su. In na kai gida, yarana me suka yi? Doya kuwa ba ta kai ƙara wurin manaja."

Ta miƙa mata taɓaryar.

Da farko Naila kunya ta ji. Lovelyn ta leƙo ta ce wannan ai shafa doya take, ba daka ba. Sai maganar latsa waya ta faɗo mata, da cunkoson bas a Kwangila kan hanyar zuwa aiki, da nishin Goggo da asuba. Ta ɗaga taɓarya ta sauke da gaske. Ta daka har mayafi ya zame, har ta kasa bambance gumi da hawaye, Dinatu na tsugune tana juya mata tana yayyafa ruwa. Da ta tsaya, abin da ya tokare mata ƙirji tun safe ya sauka.

Suna shan ruwa suka ji murya daga gaban rumfa. Malam Jafaru ne ya zauna cin abinci kafin azahar. Yana gaya wa na kusa da shi yadda masu ƙofofi suka tare shi a shago da sassafe, wani ma ya ci mutuncinsa a gaban ɗansa. Aka ajiye masa faranti. Ya kai lomar sakwara baki, sai ya ɗaga murya.

"Madam, wa ya daka wannan? Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Naila ta toshe baki da mayafi. Dinatu ta amsa da amin a hankali, kafaɗunta na girgiza don dariya.

Bayan salla Malam Jafaru ya dawo ofis, fuska a murtuke, manaja kuma ya sake fitowa ƙofa. Dinatu ta ɗaga hannu za ta kira shi teburinta.

"Bar min shi, Anti," in ji Naila.

Ta jawo masa kujera da tafin hannun da taɓarya ta sa ya soma bororo, ta ɗauki waya ta nemo lambar injiniya.

"Sannu da haƙuri, Baba. Zauna, ba za ka tashi ba sai mun ji ranar da za su zo."