Kwamfutar Kwali

Akuyar Gogo ce ta fara gane darajar ilimin zamani a gidanmu na Gangara. Tun da muka zo hutu take zagaya ɗiyata Nazira, wadda ke wuni ƙarƙashin itacen bedi da kwalin taliya a cinya, yatsunta goma na rawa a kansa kamar mai tsince tsakuwa a wake.

"Buba," in ji Gogo, yayata, "wannan shi ne karatun da aka sai da saniyarmu ta ƙarshe dominsa?"

"Manhaja nake koyon rubutawa, Gogo," Nazira ta amsa ba tare da ta ɗago ba. "Umarni ake rubuta wa kwamfuta, ita kuma ta bi."

"To umarci kwalin nan ya daka mana hatsi."

Na yi dariya tare da su. Na iya dariya, ita ce rabin aikina.

* * *

Da shanuna suka ƙare sai na koma kiwon ƙofa. Gardi ne ni, wato mai gadi, a wata jami'ar kuɗi a birni, inda Nazira ke shekarar farko a sashen kwamfuta. Makullin ɗakin na'urorin a ƙuguna yake kwana kamar laya. Kwamfutoci talatin ne a ciki, kyautar wasu masu taimako, kowace lulluɓe da farin yadi. Sukan tuna mini ƙoren jeren mahaifiyata: a goge, a jera, a nuna wa baƙi, amma kaiton wanda ya zuba nono a ciki.

Ɗalibai kuwa a takarda suke rubuta manhajarsu. Malaminsu shi ne kwamfutar. Ya duba da jan biro, ya ce ta yi aiki ko ta ƙi.

Wata rana Nazira ta same ni a bakin ƙofa.

"Baba, awa ɗaya kawai. In taɓa dai, in ji yadda take."

Na tafi buro, wato ofis, wurin shugaban makarantar, Mushe Sharifu (haka ake ce wa malam da Faransanci), hula a hannu. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Buba, ka taɓa ganin an ba ɗan koyo sabuwar mota? In suka lalata, me za mu nuna wa baƙi? Kai?"

"Gaskiya ne, Mushe," na ce. Har da godiya na yi.

Ni da na taɓa korar kura da sanda, na kasa juya makulli saboda tsoron rasa kujerar robar da nake gadi a kanta. Sai na nemo dabarar matsorata. Kullum in na shiga goge ƙura, in ɗage yadi, in haddace jerin haruffan da ke kan madannan da ake bugawa, layi-layi, yadda na haddace allona ina yaro. Da hutu ya zo na karanto mata da ka, ita kuma ta zana a kwali. Wata biyu tana bugu, har ta iya da ido rufe. Na riƙa jin kaina kamar wani shehi.

* * *

Da muka koma aka ce masu duba makarantu na tafe, don haka jarrabawar ƙarshen shekara a kan na'ura za a yi ta, a gaban baƙi. Wanda ya faɗi ya kama hanyar gida.

Ni na buɗe ɗakin, ni na yaye yadin. Na laɓe a taga. Nazira ta zauna, ta yi bisimilla, ta ɗora yatsunta ta fara gudu. Sai ta ɗago ta dubi allon na'urar. Ta goge, ta sake. Ta sake gogewa. Can na ga ta sunkuya tana kallon madannan ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi, sannan ta waiwayo taga.

A nan na gane. Ni ɗan makarantar allo ne, daga dama nake fara karatu. Ita 'yar lakol ce, makarantar boko, daga hagu ta fara zane. Wata biyu ɗiyata ta yi tana koya wa yatsunta hanyar da ta juya baya.

Manhajar tana kanta tsaf, amma duk harafin da hannunta ya nufa sai ya tarar da wani. Ta koma farauta da yatsa ɗaya. Layi shida ta rubuta aka ce lokaci ya cika.

Baƙi suka yaba tsabtar ɗakin. Mushe Sharifu ya nuna ni, ya ce, "Aikin wannan ne."

* * *

Da muka sauka daga motar Cadawa, wadda ta kawo mu gida, Nazira ta juyo gare ni.

"Da ka faɗa mini ta ina ka faro, Baba."

"Ban san akwai wata faro ba."

Ta jinjina kai ta ɗauki jakarta.

Mun tarar da Gogo tana tankaɗe. Ta dubi fuskokinmu, ta ci gaba da aikinta. A ƙarƙashin bedi akuyar ta samu abin da ta daɗe tana jira. Tana taunar kwalin a natse, harafi bayan harafi. Na tsaya na duba, makullin na sukar ƙuguna. Ita ma daga dama ta faro.